Fridtjof Nansen: Daga jirgin Fram zuwa fasfon 'yan gudun hijira

An haifi Fridtjof Nansen ranar 10 ga Oktoban 1861 kusa da birnin da a yau ake kira Oslo, a ƙasar Norwe. Masanin halittu ne da ya koma binciken teku.

A watan Yunin 1893 ya tashi da Fram, jirgin katako mai tafiya da iska da kuma injin tururi. Colin Archer ne ya ƙera shi da gindi kamar ƙwarya, don idan ƙanƙara ta matse shi, ta ɗaga shi sama maimakon ta murƙushe shi. Da gangan Nansen ya bar jirgin ya maƙale cikin ƙanƙara a arewacin Saiberiya, igiyar ruwa ta yi ta jan sa kusan shekara uku. Masu suka sun kira abin ganganci, amma dukkansu su 13 sun dawo gida da rai a 1896. Awon da suka yi ya nuna zurfin tekun ƙuryar arewacin duniya ya haura mita 3,000, alhali a da ana zaton ba shi da zurfi.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙungiyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada ta naɗa shi kwamishinan 'yan gudun hijira a 1921. A 1922 ya samar wa Rashawan da ƙasarsu ta yi watsi da su takardar tafiya, wadda ake kira fasfon Nansen, don su iya tsallaka iyaka bisa doka su nemi aiki. A shekarar ce ya samu lambar yabon Nobel ta zaman lafiya.

Ya rasu ranar 13 ga Mayun 1930. Fram na ajiye a gidan tarihi a Oslo, kuma har yau hukumar HCR na bayar da lambar yabo da sunan Nansen.