Louis Couturat, masanin da ya mutu yana neman harshe guda ga duniya

A Hausa, ido gaɓa ce ta gani. A Turai kuwa, Ido sunan wani harshe ne da masana suka ƙera da hannunsu, kuma jigonsu shi ne Louis Couturat, masanin lissafi da falsafa ɗan ƙasar Faransa, wanda aka haifa ranar 17 ga Janairun 1868.

Couturat ya yi suna da bincike a kan rubuce-rubucen Leibniz, masanin falsafar Jamus, har ya je birnin Hanover ya tono takardunsa da ba a taɓa bugawa ba. Leibniz ya daɗe yana burin harshe guda mai tafiya bisa ƙa'idar hankali, burin da Couturat ya gada. A shekarar 1901, shi da Léopold Leau suka kafa wata tawaga don zaɓar harshen da al'ummai za su riƙa magana da juna da shi, irin aikin da Hausa ke yi wa mabambantan ƙabilu a kasuwar Jimeta. A 1907 kwamitin tawagar ya zauna a Paris, ya amince da Esperanto bisa sharaɗin a yi masa gyara. Daga gyaran ne aka samu Ido, wanda ma'anarsa ɗa ko zuriya.

Abin da ya fi damun Couturat shi ne tushen kalma. A Ido ana ɗauko saiwar kalma ne daga abin da Ingilishi, Faransanci, Jamusanci, Italiyanci, Sifaniyanci da Rashanci suka fi tarayya a kai. Misali, skribar, wato rubutawa, asalinta Latin ne, kuma tana da dangi a Jamusanci, Italiyanci da Sifaniyanci. Daga gare ta ake fitar da skribilo, abin rubutu, kamar yadda Bahaushe ke fitar da marubuci daga rubuta. Ƙa'idarsa ita ce duk kalmar da aka fitar daga wata, dole a iya komar da ita tushenta ba tare da ruɗani ba.

Gyaran ya raba kan jama'a, akasarin mabiya Esperanto suka ƙi bin sa. Ranar 3 ga Agustan 1914, ranar da Jamus ta ƙaddamar da yaƙi kan Faransa, motar da ke ɗauke da umarnin tara sojoji ta yi karo da tasa, ya mutu yana da shekara 46. Bayansa, Ido bai ƙara samun jagora irinsa ba.