Ibnul Haisam, malamin da ya binciki ido

'Yan uwa mata, iyayen ɗalibai a Tambuwal da Kebbe, sau nawa yarinya ke cewa Bayoloji take so, amma Fiziks da Kemistiri sun ishe ta? Alhali JAMB duka ukun take nema ga mai son karatun likita. To ku ba ta labarin Hasan Ibnul Haisam.

An haife shi a Basra wajen 965. Sarkin Masar Al-Hakim ya kira shi ya shawo kan ambaliyar kogin Nilu. Da ya je wajen Aswan ya ga aikin ba zai yiwu ba, an ce haukan ƙarya ya yi don tsoron sarki, aka tsare shi a gida har 1021.

A zaman nan ya rubuta Kitabul Manazir, juzu'i bakwai. Ya zayyana sassan ido, amma da lissafi da gwaji a ɗaki mai duhu ya nuna haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba. Ɓangaren sinadari kuwa bai riske shi ba. Sai 1933 George Wald ya gano bitamin A cikin ido, wanda rashinsa ke kawo dundumi.

Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Allah Ya jiƙansa.