Raifaizin: Magajin Garin da Ya Kai Ƙaunar Maƙwabci Cikin Littafin Bashi

Karatu: Nehemiya 5:1-13, Matiyu 25:31-40

Ka taɓa cin bashi domin ka cike wani rami, sai bashin ya haƙa maka wani ramin da ya fi na farko zurfi? Wataƙila ka karɓi buhu ɗaya na hatsi da damina sa'ad da rumbu ya ƙare, da kaka kuwa aka ce ka biya biyu. Ko ka sa hannu a takardar rance wadda ba a karanta maka ita ba, daga baya kuɗin ruwa da tara suka fi uwar kuɗin yawa. Idan ka san wannan zafi, ko kuwa kai ne mai ba da bashin, zauna ka ji labarin wani bawan Allah na ƙasar Jamus wanda ya ba da ransa ga wannan al'amari.

Sunansa Friedrich Wilhelm Raiffeisen, a bakinmu kuwa Raifaizin. An haife shi ran 30 ga Maris 1818 a ƙauyen Hamm, cikin yankin tuddai da ake kira Westerwald, inda ƙasa ba ta da albarka sosai, sanyi kuma ya yi yawa. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya tara. Gidansu ba su da halin kai shi babbar makaranta. Mahaifiyarsa mace ce mai tsoron Allah, faston garinsu kuma, Georg Wilhelm Seippel, shi ya ƙara koyar da shi a gida. Yana da shekara 17 ya shiga soja, amma ciwon ido ya fitar da shi a 1843, ya koma aikin gwamnati. A 1845 aka naɗa shi magajin garin Weyerbusch da ƙauyukan da ke kewaye. A shekarar nan kuma ya auri Emilie Storck.

Ka lura, ɗan'uwa, ƙofar da ya so ta rufe, gama idonsa ya hana shi aikin soja. Amma ta wurin wannan rashi ne Allah ya kai shi inda ake bukatarsa.

Bai daɗe a kan aiki ba yunwa ta zo. A 1846 dankali ya ruɓe a gona, hatsi ma bai yi ba, sanyin shekarar kuma ya yi tsanani. Gwamnati ta aiko da garin burodi, tare da umarni cewa sai mai kuɗi a hannu za a sayar wa. To, wa ke da kuɗi a hannu? Waɗanda yunwa ta fi ci su ne ba su da ko anini. Raifaizin ya ba talakawa garin bashi, aka rubuta sunan kowa da abin da ya karɓa, ko da yake ya san hakan zai iya jawo masa fushin manyansa. Sa'an nan ya tara masu hali na yankin, suka kafa ƙungiyar burodi, suka haɗa kuɗi suka sayo gari, suka gina gidan gasa burodi na jama'a. Farashin burodi ya sauko ƙwarai. Da lokacin shuka ya zo, ƙungiyar ta sayo irin dankali ta ba manoma bashi. Da amfani ya zo mutane suka biya. Nan ya ga abin da bai manta ba har mutuwarsa: talaka yakan biya bashi idan an ba shi bisa sharaɗin da zai iya ɗauka.

A 1848 aka mai da shi Flammersfeld. Can ya duba da kyau ya ga yadda manoma ke rasa gonakinsu. Ga yadda abin yake. Manomi yana bukatar saniya domin noma da madara, ba shi da kuɗi, bankunan birni kuwa ba su san da shi ba. Sai dillalin dabbobi ya kawo masa saniya bashi da tsada, da kuɗin ruwa mai nauyi. Manomin bai iya lissafi ba, sau da yawa bai san jimlar abin da ake binsa ba. Mai bashin yakan yi shiru har lokacin da ya san babu kuɗi a gidan, sa'an nan ya zo neman biya. Idan ba a biya ba, a sake rubuta takarda da ƙarin ruwa. A kwana a tashi, saniya ta tafi, gona ta tafi, gida ma a yi gwanjonsa.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A karatunmu na yau, mutanen Yahuza sun kawo wa Nehemiya irin wannan kuka: sun jinginar da gonakinsu da gidajensu domin hatsi, har 'ya'yansu suna shiga bauta, masu yi musu haka kuwa 'yan'uwansu ne. Nehemiya ya tara manyan gari ya tsauta musu, ya sa suka mayar da abin da suka karɓe. Tun kafin haka Shari'a ta hana a karɓi dutsen niƙa jingina (Maimaitawar Shari'a 24:6), domin da shi gida ke ci. Ga manomin Flammersfeld, saniya ita ce dutsen niƙansa.

A 1849 Raifaizin ya shawo kan masu hali 60, suka kafa ƙungiyar taimakon manoma marasa ƙarfi. Suka tsaya wa juna, aka ranto kuɗi da sunansu gaba ɗaya, ana saya wa manomi saniya, yana biya kaɗan kaɗan cikin shekaru da ɗan ruwa mai sauƙi. A 1852 aka kai shi Heddesdorf, kusa da birnin Neuwied a bakin Kogin Rayin. A 1854 ya kafa wata ƙungiyar jinƙai a can, wadda take kula da yaran da ba su da mai kula, da waɗanda suka fito daga kurkuku, tana kuma ba da rance.

Amma ga inda labarin ya juya. Da shekaru suka wuce, masu kuɗin suka gaji. Tausayin mutum yakan yi zafi yau, gobe ya huce. Suka fara janyewa, ayyukan jinƙan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sai rancen kaɗai ya rage. Wani zai yi fushi ya bar aikin. Raifaizin ya yi tunani ya gane cewa muddin talaka yana dogara ga alherin mai kuɗi, ranar da mai kuɗin ya juya baya zai koma hannun azzalumi. Saboda haka ya sāke tsari. A 1862 aka kafa asusun rance a Anhausen, a 1864 kuma aka mai da ƙungiyar Heddesdorf ta zama asusun rance inda mai cin bashi shi ma ɗan ƙungiya ne, yana da baki a taro, yana kuma ɗaukar nauyi tare da sauran.

Ka duba dokokin da ya kafa, gama a cikinsu ne adalcin yake. Kowane asusu na ƙaramin yanki ne, kamar ƙauye ko yankin majami'a ɗaya, inda kowa ya san halin kowa. Dukan 'yan ƙungiya suna tsaya wa bashin ƙungiya da dukiyarsu, don haka ba wanda zai yarda a yi wasa da kuɗin. Shugabanni ba a biyansu, sai mai riƙe da littafin lissafi kaɗai, domin kada wani ya sami riba ta wurin tura mutane cikin bashi. Ana tambayar abin da mutum zai yi da kuɗin, ana kuma ba shi isashen lokaci, yadda biya zai dace da lokacin da gona ke kawo amfani. Ribar da ta rage ba a rabawa, ana tara ta cikin ajiya wadda ba ta kowa ba ce shi kaɗai. Shi da kansa ya ɗauki wannan aiki a matsayin biyayya ga koyarwar Yesu a Matiyu 25, inda Ubangiji ya lissafta hidimar da aka yi wa mafi ƙanƙanta a matsayin hidima gare shi.

Kada ka yi zaton ya yi wannan cikin jin daɗi. Cikin 'ya'yansu bakwai, uku sun mutu tun suna ƙanana. Matarsa Emilie ta rasu a 1863. Shi ma annobar zazzaɓi ta kama shi, idonsa ya ƙara lalacewa, har ya bar aikin magajin gari a 1865 yana da shekara 47. Duk da haka a 1866 ya fitar da littafi mai bayyana yadda ake kafa asusun rance a ƙauye, littafin kuwa ya yaɗa aikin nesa da inda ƙafarsa ta taka. Da ya kusa makancewa, 'yarsa Amalie ce ta zama idonsa da hannunsa, tana karanta masa wasiƙu tana rubuta masa amsa. A 1876 aka kafa babban asusu a Neuwied domin ƙananan asusu su riƙa tallafa wa juna. Ya rasu ran 11 ga Maris 1888, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 70, a lokacin kuwa asusun irin nasa sun kai ɗaruruwa.

Ba zan ɓoye maka laifinsa ba, gama Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye na Dawuda ba. Ya riƙe Amalie a wurin aikinsa har ba ta yi aure ba. A wasu rubuce-rubucensa kuma ya ɗora laifin bashi da ruwa a kan Yahudawa a matsayin jama'a, wannan kuwa kuskure ne babba. Haɗama ba ta da kabila. Tana cikin zuciyar ɗan Adam, har da mai zuwa sujada kowace Lahadi.

Irin da ya shuka ya yi nisa. Har yau akwai bankuna masu ɗauke da sunan Raiffeisen a Jamus, Ostiriya da Suwizalan, bankin Rabobank na Holan ma daga wannan tushe ya fito. A 1900 Alphonse Desjardins ya kafa irin wannan asusu a Kanada. A 1955 wani fada, John McNulty, ya kafa ɗaya a Jirapa cikin arewacin Gana, a 1963 kuma wani fada, Anthony Jansen, ya fara su a Kamaru. Idan akwai asusun ajiya da rance na gama kai a garinku, yana da dangantaka da aikin wannan magajin gari.

Yanzu bari in juyo gare ka. Idan kai mai ba da bashi ne, ko na kuɗi ko na hatsi, tambayi kanka: bayan mutumin ya gama biyana, zai tsaya da ƙafafunsa, ko kuwa zai fi dā talauci? Ka faɗa masa jimlar abin da zai biya tun kafin ya karɓa. Kada ka jira ranar da ka san ba shi da komai ka je ƙofarsa. Idan ka riga ka cuci wani, ka tuna da Zakka, wanda tubansa ya kai har aljihunsa (Luka 19:1-10).

Idan kana aiki a banki ko asusun rance, ko kai ne ma'ajin adashi ko na zumuntar mata ko na ikilisiya, ka sani littafin da ke hannunka bagade ne. Ka bayyana wa tsohuwar da ba ta iya karatu ba abin da takarda ta ce, da harshen da take ji. Ka ba da rasit. Ka bar wasu su duba lissafinka, kada ka ji haushi. Asusu da yawa sun rushe a ƙasashenmu domin an bar mutum ɗaya da akwati da littafi, aka ce ai ɗan'uwa ne.

Idan kuwa kai ne mai cin bashi, kana da haƙƙin tambaya, ko a ofis ne ko ta wayar hannu ake ba ka rancen. Nawa zan karɓa a hannu? Nawa zan biya gaba ɗaya? Me zai faru idan na makara? Kada ka sa hannu a abin da ba ka gane ba. Nemi wani amintacce ya karanta maka. Sa'an nan ka biya abin da ka ci. Zabura 37:21 ta sa mai ƙin biyan bashi cikin mugaye. Asusun Raifaizin sun tsaya ne domin talakawa sun cika alkawari, kuɗin da ka mayar kuwa shi ne za a ba ɗan'uwanka gobe.

Abin tunani: Akwai wani a unguwarku wanda bashi ya danne? Me ku masu bi goma ko ashirin za ku iya haɗawa domin kada ya koma hannun mai cutarsa?

Addu'a: Ya Uba na sama, kai ka yafe mana bashin da ba mu iya biya ba ta wurin Ɗanka Yesu. Ka gafarta mana inda muka ci riba daga wahalar 'yan'uwanmu, da inda muka ci bashi muka ƙi biya. Ka ba mu hannu mai tsabta a kan kuɗi, da lissafi na gaskiya. Ka ta da mutane masu aminci a bankunanmu da asusunmu, ka kuma buɗe hanya ga dukan wanda bashi ya hana shi barci. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.