DIETRICH BONHOEFFER, MALAMIN FASTOCI A ZAMANIN HITILA

A cikin mutanen da gwamnatin Hitila ta rataye ana saura wata guda yaƙi ya ƙare a ƙasar Turai, akwai wani malamin addinin Kirista, Bajamushe, wanda ake ce da shi Dietrich Bonhoeffer. Yadda Jamusawa ke faɗin sunan ya yi kusa da Bonhofa, haka kuwa za mu riƙa rubuta shi don sauƙi. Galibin masu ba da labarinsa sun fi tsayawa a kan ƙulle-ƙullen da aka yi na kashe Hitila, da yake da hannunsa a ciki. Mu kuwa abin da ya fi jan hankalinmu shi ne wata 'yar makaranta da ya riƙe shekara biyu da 'yan watanni, da irin zumuncin da ya dasa tsakanin almajiransa, wanda bai mutu ba ko bayan da aka garƙame ƙofar makarantar.

An haife shi ran 4 ga Fabrairu, 1906, a birnin Breslau, wanda yanzu yana cikin ƙasar Folan. Shi ne na shida cikin 'ya'ya takwas, tagwaye ne shi da 'yar'uwarsa Sabine. Ubansu babban likita ne na masu taɓin hankali, a 1912 aka ba shi kujerar koyarwa a Jami'ar Barlin, iyalin duka suka koma can. Gida ne na ilmi da wadata, amma ba su cika zuwa majami'a ba, saboda haka sa'ad da yaron ya ce shi karatun addini zai yi, yayyensa suka ɗauki abin da wasa. Bai fasa ba. Yana da shekara 21, a 1927, ya sami digirin dakta, littafin da ya rubuta don wannan kuwa a kan ma'anar jama'ar masu bi yake. Watau tun daga ƙuruciya tambayar da ke damunsa ke nan, me ke mai da taron mutane ya zama 'yan'uwa.

Ya yi shekara guda yana taimakon wani fasto a Barcelona, sa'an nan a 1930 ya tafi karo ilmi New York ta Amurka. Karatun can bai gamsar da shi ba. Abin da ya shige shi ƙwarai shi ne wata majami'ar baƙaƙen fata a unguwar Harlem, inda wani abokinsa baƙar fata ya kai shi, har ya riƙa koya wa yara a can ranar Lahadi. Ya ga wulaƙancin da ake yi wa mutane don launin jikinsu, ya kuma ga yadda majami'arsu ta zame musu matattara. Da zai komo gida sai da ya sayo fayafayan garmaho na waƙoƙinsu.

Ran 30 ga Janairu, 1933, Hitila ya karɓi mulki. Bayan kwana biyu Bonhofa ya yi jawabi a rediyo a kan haɗarin shugaban da ya yarda mabiyansa su mai da shi gunki, aka yanke maganar kafin ya kai ƙarshe. Ba a daɗe ba fitina ta shiga ikilisiya kanta. Wata ƙungiya mai kiran kanta Kiristocin Jamus, 'yan goyon bayan Nazi, ta cinye zaɓen ikilisiya a watan Yuli, a watan Satumba kuma babban taron ikilisiyar Furushiya ya zartar da doka cewa duk faston da ke da jinin Yahudawa a tuɓe shi. Wannan ba ta nesa ta zo wa Bonhofa ba, gama amininsa Franz Hildebrandt yana cikin waɗanda dokar ta shafa, mijin Sabine ma asalinsa Bayahude ne.

A nan ne Martin Niemöller, faston unguwar Dahlem, wanda a Yaƙin Duniya na Farko shi ke jan jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin ruwa, ya kafa Ƙungiyar Agajin Fastoci, Bonhofa yana cikin waɗanda aka fara da su. Wanda duk ya shiga sai ya sa hannu a kan alkawari cewa Littafi Mai Tsarki ne kaɗai mizaninsa, bai kuma yarda da dokar korar ba, zai kuma ɗauki nauyin 'yan'uwan da aka zalunta gwargwadon ikonsa. Wannan na ƙarshe ba maganar fatar baka ba ce, kuɗi ake tarawa daga albashi, a ba wanda aka tuɓe ya ci da iyalinsa. Kafin Janairu, 1934, masu sa hannu sun kai wajen 7,000, cikin fastoci kamar 18,000 da ke ƙasar. Daga wannan ƙungiya ne aka sami abin da ake kira Ikilisiya Mai Shaida, wadda ta yi taronta a Barmen a watan Mayu, 1934, ta ce ba ta da wani ubangiji sai wanda take bauta wa.

Shi Bonhofa a lokacin yana Landan, yana kiwon majami'u biyu na Jamusawa mazauna can. A nan ya ƙulla abota da Bishof George Bell na Chichester. Ya so ƙwarai ya tafi Indiya wurin Gandhi, har takardar gayyata ta zo masa, sai ga kira daga gida. Gwamnati ta mamaye wuraren horon fastoci, Ikilisiya Mai Shaida tana so ta buɗe nata, ana bukatar wanda zai riƙe ɗaya. Ya bar tafiya Indiya. Kafin ya taso ya zaga waɗansu gidajen ibada na Ingila, kamar Mirfield da Kelham, don ya ga yadda suke tsara yininsu.

An buɗe makarantar a watan Afrilu, 1935, a Zingst, bakin Tekun Baltik, da almajirai 23. A watan Yuni suka ƙaura zuwa Finkenwalde kusa da Stettin, cikin wani tsohon gida wanda dā makaranta ce, ba kujeru, ba gadajen kirki. Majami'un ƙauyukan lardin Pomeraniya su suka yi ta aiko da kayan ɗaki da abinci. Shugaban makaranta ya kwaso littattafansa duka ya zuba kowa ya karanta, ya kawo fiyano da fayafayan nan na Harlem. Shekararsa 29 a lokacin, bai girmi waɗansu almajiransa da yawa ba.

Duk wanda ya taɓa riƙon makarantar kwana ya san koyarwa a aji ita ce mai sauƙi, zaman tare shi ne aikin. Tun a kwanakin farko aka aiko daga madafa ana neman masu wanke kwanoni, kowa ya yi shiru yana duban ɗan'uwansa. Bonhofa bai ce uffan ba, sai ya miƙe ya shiga madafa, ya hana waɗanda suka biyo shi da gudu shiga, ya wanke shi kaɗai. Bai sake tā da maganar ba, ba a kuwa sake neman mai wanki an rasa ba.

Da safe kafin kowace irin hira sai an taru an karanta Zabura da wani yanki na Littafi, an yi waƙa da addu'a. Sa'an nan kowa ya kaɗaita rabin sa'a yana tunani a kan 'yan ayoyi kaɗan, ayoyin nan kuwa ba a sāke su sai mako ya zagayo. Wannan shirun ya ba samarin wuya. Sun fito jami'a, sun saba da tsettsefe nassi da muhawara, ga shi an ce su zauna su saurara. Waɗansu barci ke kwashe su, waɗansu suka fito fili suka ce an mai da su sufaye. Ko Karl Barth, babban malamin da ya tsara shaidar Barmen, ya nuna abin bai kwanta masa ba. Bonhofa ya saurari ƙorafin, ya yarda a riƙa yin tunanin tare wani lokaci, amma bai soke shi ba. Hujjarsa ita ce, mutumin da za a tura ƙauye shi kaɗai, 'yan sandan ciki na zaune a bayan majami'a suna rubuta wa'azinsa, lalle ya kasance yana da abin dogara wanda ba ya bukatar ɗakin littattafai.

Akwai kuma wata doka da ya kafa, wadda a ganina ta fi sauran wuya. Ba a yin maganar ɗan'uwa in ba ya nan, in kuwa baki ya suɓuce, to, sai a je a gaya masa abin da aka faɗa. Almajiransa sun ce sau da yawa sun karya ta, amma karyawar da komawar sun koya musu abu mai yawa. Kafin Jibin Ubangiji kuma ya shawarce su kowa ya nemi ɗan'uwa guda ya furta masa laifinsa. Abin baƙo ne ga 'yan Furotesta, suka yi ta nauyin baki, sai da suka ga shugaban da kansa ya zaɓi ɗaya daga cikinsu, Eberhard Bethge, ɗan wani faston ƙauye, ya je gare shi. Kada mai karatu ya zaci gidan baƙin ciki ne. Ana kiɗa, ana wasanni, ana zuwa iyo a teku, shugaban kuwa ba ya son a kayar da shi a wasa.

Da rukuni na farko ya gama, Bonhofa ya nemi izni mutum shida su zauna tare da shi, aka kira su Gidan 'Yan'uwa. Abin da suka samu sukan haɗa wuri guda. Aikinsu shi ne su riƙe tsarin gidan don masu zuwa, su kuma tashi nan da nan duk inda aka kama wani fasto ko aka hana shi wa'azi, su tsaya a madadinsa. Wata-wata ana aika wa tsofaffin almajirai takarda, a cikinta akwai ayoyin da za a yi tunani a kai, don wanda ke can wani lungu ya san shi da 'yan'uwansa abu guda suke karantawa a safiya guda, akwai kuma sunayen waɗanda ke kurkuku don a yi musu addu'a. A tuna fa samarin nan hukuma ba ta san da su ba. Ba su da albashi tabbatacce, ba gidan fasto, ba fansho, sai abin da jama'a suka jefa a baiko. Ƙofa kuwa a buɗe take, wanda ya je ya miƙa wuya ga hukumar ikilisiya ta gwamnati sai a ba shi duk waɗannan. Waɗansu sun je, musamman masu iyali. Bonhofa ya yi ta rubuta wa sauran su daure, wani lokaci da zafin da ko abokansa suka ga ya yi yawa.

Ran 1 ga Yuli, 1937, aka kama Niemöller, bai sami kansa ba sai 1945. A ƙarshen Satumba 'yan sandan ciki suka rufe Finkenwalde, bayan rukuni biyar sun wuce ta cikinta, kafin ƙarshen shekarar kuma 27 daga tsofaffin almajiranta sun shiga kurkuku. Horon bai tsaya ba. Aka rarraba samari a matsayin mataimakan fastoci a yankin Köslin da Schlawe, suna kwana gida guda suna karatu a ɓoye, har Maris, 1940. A tsakanin nan, cikin 1938, Sabine da mijinta suka gudu zuwa Ingila, Bonhofa ya zauna a gidan da suka bari a Göttingen, cikin mako huɗu ya rubuta ɗan littafinsa a kan zaman tare. A ciki ya sa sauraron ɗan'uwa a gaban dukan sauran hidimomi, ya kuma gargaɗi wanda ya zo da mafarkin jama'a marar aibu, domin irinsa ne kan fara zargin mutane in ya tarar da su yadda suke.

Amma fa kada a ɗauka Ikilisiya Mai Shaida ta fita kunya sarai. A 1938 yawancin fastocinta suka yi rantsuwar biyayya ga Hitila, da aka ƙone majami'un Yahudawa a watan Nuwamba kuwa 'yan kaɗan ne suka buɗe baki. Agajinsu ya tsaya ne a kan nasu. Wannan ya ci wa Bonhofa rai ƙwarai, yana kuwa cikin abin da ya tura shi wata hanya dabam.

A watan Yuni, 1939, abokai suka fitar da shi zuwa New York don kada a kira shi soja. Bai cika wata guda ba ya komo, ya ce wanda bai sha wahala tare da mutanensa ba, ba shi da bakin magana ranar gyara. Aka hana shi jawabi a 1940, aka hana shi buga littafi a 1941. Mijin yayarsa, Hans von Dohnanyi, ya shigar da shi ofishin leƙen asirin soja, inda masu shirin kayar da Hitila suka fake. A 1942 ya sadu da Bishof Bell a Suwidin ya ba shi saƙo zuwa ga gwamnatin Ingila, ba a kula da saƙon ba. Duk da haka bai daina takardun nan ba, sai dai yanzu sunayen matattu suka fi yawa a ciki. An kwashe almajiransa zuwa bakin dāga, cikin wajen 150 fiye da rabi ba su komo ba. Yakan ambaci kowane da halinsa, ya kuma rubuta wa iyayensa ko matarsa.

An kama shi ran 5 ga Afrilu, 1943, wata uku bayan an yi masa baiko da Maria von Wedemeyer. Ya yi shekara ɗaya da rabi a kurkukun Tegel, inda waɗansu gandirobobi suka riƙa fitar masa da wasiƙu a ɓoye zuwa ga Bethge. Da yunƙurin kashe Hitila na 20 ga Yuli, 1944, ya ci tura, aka tono takardun da suka fallasa su. Aka kai shi Buchenwald, daga nan zuwa kudu. Ran Lahadi 8 ga Afrilu, 1945, 'yan'uwansa fursunoni suka roƙe shi ya yi musu sujada a wani ɗakin makaranta a Schönberg, yana gamawa aka zo aka tafi da shi. Kashegari da asuba aka rataye shi a Flossenbürg, yana da shekara 39, mako biyu kafin sojan Amurka su iso wurin. Wansa Klaus da mazan yayyensa biyu ma an kashe su cikin watan nan. Iyayensa sun ji sujadar tunawa da shi a rediyo daga Landan ran 27 ga Yuli, Bishof Bell na cikin masu wa'azi.

Bethge ya tsira. Shi ya tattara wasiƙun kurkukun ya buga a 1951, ya kuma fitar da babban tarihin malaminsa a 1967, ya ci gaba da aiki a kan takardunsa har ya rasu a shekara ta 2000. Gidan Finkenwalde bai tsira daga yaƙin ba, wurin kuwa yanzu unguwa ce ta birnin Szczecin a ƙasar Folan.