Norbert Wiener, Mai Haɗa Kan Masana

A zamanin nan kowa ya ji labarin mutum-mutumin inji mai aiki da kansa, da na'urori masu kwaikwayon tunanin ɗan Adam. Amma kaɗan ne suka san Norbert Wiener, ɗaya daga cikin waɗanda suka tara masana iri iri wuri guda har aka aza harsashin wannan ilmi.

An haife shi a Amurka ran 26 ga Nuwamba, 1894. Ubansa malamin harsuna ne, shi ya koya masa karatu a gida da tsanani ƙwarai. Yana ɗan shekara 11 ya shiga kwaleji, yana 14 ya sami digiri a lissafi, yana 18 kuwa ya sami digirin dakta a Jami'ar Harvard. Ya ƙaro ilmi a Ingila da Jamus, sa'an nan a 1919 ya kama koyarwa a babbar makarantar fasaha da a ke kira M.I.T.

A can Harvard akwai wani likita mutumin Meziko, Arturo Rosenblueth, wanda kowane wata ya kan tara masana su ci abincin dare tare. In an gama, ɗayansu ya karanta abin da ya bincika, sauran su yi ta sukarsa, ba sani ba sabo. Nan Wiener ya gane ilmi kamar gonaki ne: kowa na noma tasa, an bar kan iyaka ba mai taɓawa, alhali nan ƙasa ta fi albarka.

A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi da wani injiniya, Julian Bigelow, suka shiga aikin na'urar da za ta saita bindigar harbo jirgin sama. Dole na'urar ta riƙa auna kuskurenta tana gyarawa. Suka lura in gyaran ya yi yawa sai ta kama rawa, ta wuce nan, ta wuce can. Suka tambayi Rosenblueth ko akwai irin wannan ciwo ga mutane. Ashe akwai: mai ciwon ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, sai hannun ya yi ta makyarkyata. Watau doka guda ce ke bi da inji da jikin mutum. Su uku suka buga wannan a 1943.

Daga 1946 zuwa 1953 aka yi taro sau 10, galibi a birnin Niyu Yok. Masana lissafi kamar John von Neumann, da likitocin ƙwaƙwalwa, da masu nazarin al'adu kamar Margaret Mead, suka zauna tare. An sha gardama, don kowa da irin kalmomin sana'arsa. A 1948 Wiener ya fid da littafinsa, ya raɗa wa sabon ilmin suna Saibanetik, daga kalmar Girkanci mai ma'anar matuƙin jirgin ruwa. Wanda ya taɓa ƙetare Binuwai cikin kwalekwale ya ga yadda matuƙi ke duban inda ruwa ya ja shi yana karkatowa.

Duk da haka ya ji tsoron abin da ya taimaka aka ƙago. A 1947 ya bayyana ba zai ƙara ba da iliminsa don ƙera makamai ba. A 1949 ya rubuta wa shugaban ƙungiyar ma'aikatan mota, yana gargaɗi injuna za su raba talakawa da aikinsu. Ya rasu a ƙasar Suwidin ran 18 ga Maris, 1964.

To, 'yan'uwa masu koyon malanta a nan Mubi, yaran da za mu koyar su ne za su zauna da injunan nan, ko su sarrafa su, ko su rasa abinci saboda su. Kada malamin lissafi ya raina malamin kiwon lafiya, ko na sana'ar hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.