Malam Abdullahi na Gwandu, Ƙanen Shehu kuma Malamin Bello

 A wannan fitowa mun zaɓi mu kawo muku tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama. Abin da ya sa muka zaɓe shi wata tambaya ce da malaman madarasa da iyayen yara ke yawan yi mana a nan Dabaga: yaron da ake fatan ya riƙe jama'a gobe, shin a tashe shi cikin gasa da sa'o'insa domin ya yi kaifi, ko kuwa a tashe shi cikin taimakon juna? Wannan bawan Allah ya ɗanɗani duka biyun, kuma a cikin gidansu ya ɗanɗane su.

An haifi Abdullahi a shekara ta 1180 bayan hijira, wadda ta yi daidai da 1766, cikin zuriyar Toronkawa, gidan da aka sani da karatu tun kaka da kakanni. Wansa Shehu Usmanu ya girme shi da shekara 12. Ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi a hannun wansa. Wurin Shehu ya fara fiƙihu da tauhidi da nahawu da tafsiri, sannan ya zaga wurin kawunnansa da sauran malamai, waɗanda ya lissafa sunayensu daga baya cikin littafinsa Ida'un Nusukhi.

Mu mutanen Abzin muna da rabo cikin wannan labari, domin ɗaya daga cikin manyan malaman 'yan'uwan biyu shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shehu ya lizimce shi kimanin shekara guda, har ya biyo shi zuwa Agadas. Da Malam Jibrilu ya yi nufin wucewa hajji, Shehu ya koma gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Bayan dawowar malamin daga Makka, Abdullahi shi ma ya zauna gabansa ya yi karatu, ya karɓi ijaza, ya kuma yabe shi da waƙar Larabci.

Shehu bai tsaya ga karantar da ƙanensa a zaure ba. Ya riƙa tafiya da shi yawon wa'azi, Kabi da Zamfara, yana ɗora masa aiki gwargwadon ƙarfinsa. A Zamfara ne wani malami daga Barno, Mustafa Gwani, ya aiko da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar majalisin Shehu. Shehu yana da ikon mayar da amsa da kansa, amma ya umurci Abdullahi, wanda a lokacin saurayi ne ɗan kimanin shekara 20, ya amsa. Abdullahi ya amsa da waƙa, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni, kuma ana keɓe musu wurin zamansu. Malamanmu su lura da wannan: babba ya ja da baya da gangan domin ƙarami ya koyi tsayuwa gaban jama'a.

Da aka haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu a 1781, ya tasa, sai aka miƙa shi ga baffansa Abdullahi, ya karanta Larabci da sauran fannoni a wurinsa. Wa ya karantar da ƙane, ƙane ya karantar da ɗan wa. Haka Ɗegel ta kasance: wanda ya gama littafi sai ya juya ya biya wa na bayansa. Duk mai garka a bakin ƙoramar Telwa ya san irin wannan aiki. Ɗaya na kora raƙumi yana jawo ruwa daga rijiya, ɗaya na can cikin fangali yana buɗe wa ruwan hanya, kuma in ɗayansu ya tsaya yana jiran a ce ya fi ɗan'uwansa, albasa ce za ta bushe.

Da Sarkin Gobir Yunfa ya tsananta wa jama'a, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A nan aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu, Bello ya biyo. Abdullahi ya jagoranci rundunar da ta yi nasara a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na wannan shekara, shi ne kuma ya ci Birnin Kabi a 1805. Amma nasara ta zo da nata ciwo. Ya ga mutane sun fara tsere wajen tara dawaki da tufafi da sarautu, abin da aka fito domin a kawar. Zuciyarsa ta ƙi, har a wajen 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Da ya iso Kano mutanenta suka roƙe shi ya tsaya. Ya karanta musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya koma wurin wansa. Alƙalawa kuwa ta faɗi a 1808 a hannun rundunar da Bello ke jagoranta.

Kada mai karatu ya zaci babu saɓani tsakanin waɗannan bayin Allah. Akwai shi, kuma a rubuce yake. Abdullahi ya tsananta a kan lakaban sarauta da kaɗe-kaɗe da tufafin ado ga shugabanni, Shehu kuwa ya sassauta a wasu wurare saboda malamai sun yi saɓani a kansu. Kowannensu ya rubuta hujjarsa da ladabi, ba wanda ya tara almajirai domin su yi wa ɗayan ihu. A cikin Najmul Ikhwani ma Shehu ya kwaɗaitar da ɗalibai su karanta littattafan Abdullahi saboda tsayuwarsa kan zahirin shari'a, da na Bello saboda saninsa da siyasar al'umma, da nasa saboda yana kiyaye ɓangarorin biyu. Ya san baiwar kowane, ya ajiye ta inda za ta yi amfani. A 1812, yana zaune a Sifawa, ya raba musu aiki: yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello.

Jarrabawa mafi girma ta zo a 1817, lokacin da Shehu ya rasu a Sakkwato. Abdullahi yana Boɗinga. Shi ne babba, shi ne mafi ilimi cikin waɗanda suka rage, shi ne wazirin Shehu, kuma shi ya karantar da Bello. Amma manyan da ke cikin gari suka yi wa Bello mubaya'a, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa da Abdullahi ya iso da mutanensa ya tarar an rufe ƙofar gari. Ya juya, daga baya ya zauna Gwandu. Abin ya yi masa zafi, ba za mu ɓoye ba, ya kuma rubuta Sabilus Salama a kan sha'anin imama da wanda ya cancance ta. Sai dai bai zare takobi ba, alhali yana da runduna da mabiya da hujjar da zai iya kafawa. Mu a ganinmu wannan kamewa ta fi Tabkin Kwatto wuya.

Shekaru suka shuɗe baffa da ɗa suna nesa da juna, masu neman ɓaraka kuwa suka samu ƙofa. Bello ya sha fama da tawayen Abdussalami a Kware. Sauran mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. A wajen 1820 zuwa 1821 Bello ya taso da runduna domin ya taimaki baffansa, suka haɗu suka ci garin. An ruwaito cewa da suka yi arba bayan yaƙi, Bello ya yi nufin sauka daga doki domin girmama malaminsa, sai Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. An kuma ce ya tuɓe alkyabbarsa ya ba Giɗaɗo ɗan Laima, alamar ya yarda da wazircinsa. Wanda ya taho da ɗauki almajiri ne da bai manta hakkin malami ba, wanda ya sunkuya kuwa malami ne da ya san abin da ya zuba cikin almajirin.

Ba muna cewa a hana yara tsere ba. Alƙur'ani ya yi umurni da rigegeniya zuwa ayyukan alheri a Suratul Baƙara, kamar yadda ya yi umurni da taimakon juna kan ɗa'a da taƙawa a farkon Suratul Ma'ida, kuma musabaƙar karatu ta sa yara da yawa sun tsare hadda. Amma tsere a kan hadda daban, tsere a kan kujera daban, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdurrahmani ɗan Samura neman shugabanci. Muna ganin yaron da ya zo na ɗaya ana ɗaga shi sama, ba a taɓa ce masa ya zauna ya biya wa na ƙarshe ba. In ya girma a haka, ran da aka zaɓi wani aka bar shi, sai ya janye rabin jama'a ya gina nasa masallaci a tsallaken hanya. Wannan ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu.

Bayan Kalambaina Abdullahi ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari yawancin sha'anin mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya bar tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, da taƙaitaccensa Kifayatu Lu'afa'is Sudan wanda ya yi domin masu ƙaramin ƙarfi a karatu, da Baharul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu, da Tazyinul Waraƙati inda ya tara waƙoƙinsa da labarin jihadi. Har yau ana karanta su a zaurukan malamai a Nijar da Nijeriya.

Ya rasu a Gwandu a shekara ta 1245 bayan hijira, wato 1829, a can kuma kabarinsa yake. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, Bello kuwa ya rayu bayansa har 1837. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya haskaka kaburburansu, amin.