Muhammadu al-Katsinawi: Masanin lissafin hatimi da ya rasu a Alƙahira

A shekarar 1741 ne Allah Ya yi wa Malam Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi rasuwa a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, nesa da ƙasar Katsina inda ya fito. Larabawa sun san shi da laƙabin al-Kishnawi.

Marigayin ya yi karatu a wurin malaman ƙasar Hausa da na Borno, kafin ya kama hanyar gabas domin sauke farali. Bayan ya zauna a Makka da Madina, sai ya zarce zuwa Masar, inda ya sauka a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan malaman Azhar.

Fannin da ya fi shahara a kai shi ne ilmin aufaƙi, wato abin da Hausawa ke kira hatimi. A shekarar 1732 ya rubuta littafinsa mai suna Bahjatul Afaƙ, wanda a ciki ya bayyana ƙa'idojin cike hatimin da adadin gidajen kowane layinsa ya kasance mara, kamar 3 ko 5 ko 7.

Sharaɗin shi ne a zuba lambobi ba tare da an maimaita ko ɗaya ba, kuma jimillar kowane layi ta zo daidai, ko a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa. A hatimi mai gida 9 jimillar ita ce 15. A mai gida 25 kuwa 65 ce, yayin da a mai gida 121 take kaiwa 671.

Duk yadda hatimin ya kai da girma, ana iya sanin wannan jimilla tun kafin a sa alƙalami: a ƙara 1 a kan yawan gidajen baki ɗaya, a ninka da yawan gidajen layi guda, sannan a raba biyu.

A zamaninsa ana haɗa wannan ilmi da sirrin haruffa da taurari, kuma shi kansa ya yi rubutu a kansu a cikin littafinsa Durrul Manzum. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa mutane da dama ke yi wa hatimi kallon aikin tsibbu kawai, suna mantawa da lissafin da aka gina shi a kai.

Kafin rasuwarsa ya yi wasiyyar a bai wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan wannan mai masauki, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya sanya labarinsa a cikin shahararren littafinsa na tarihin Masar.

A shekarar 1973 Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta gabatar da aikinsa a littafinta Africa Counts, abin da ya ƙara fito da sunansa a fagen tarihin lissafi a Afirka.